Tantance bakteriya da hasken leza: abin da aikin ya koya mini

Na'urar da aka damƙa mini a ɗakin gwajin abinci ana kiranta BARDOT, a Jami'ar Purdue ta Amurka aka ƙirƙiro ta. Aikinta ba wuyar bayani. Mukan shuka samfur a farantin aga, wato daskararren abincin da ake renon bakteriya a kai, mu bar shi a ɗumi har kowane gungun ƙwayoyi ya kai faɗin milimita ɗaya ko kusa da haka. Sai jan leza mai tsawon zango nanomita 635 ya ratsa tsakiyar gungun, hasken ya watsu, kyamara ta ɗauki siffarsa. Wani gungun zobba yake bayarwa, zobe a cikin zobe. Wani kuma layuka ne ke fita daga tsakiya kamar sifokin keke. Kwamfuta ta mayar da siffar lambobi, ta gwada da taskar hotunan da aka riga aka koya mata, ta ce wannan Listeria ce ko Salmonella, nau'o'in bakteriya masu gurɓata abinci.

Abin da na fi daɗewa ina tunani a kai shi ne, hasken ba ƙwayar yake gani ba. Tudun gungun yake gani, da kaurinsa, da yadda ƙwayoyin suka jeru a ciki. Don haka duk abin da ya taɓa girmansu ya taɓa hoton. Ƙwaya ɗaya, in aka canza mata aga, sai ta ba da siffa daban. In gungun ya zarce girma, zobban su cakuɗe. Ga shi Listeria ba ta saurin girma kamar E. coli, kowacce da lokacin ɗaukar hotonta. Har zuba aga na koma yi da awo, kauri ɗaya a kowane faranti, ba kumfa. Agar da aka haɗa da jini kuwa ba ta barin haske ya wuce yadda ake so.

Kwamfutar ma sai an sa mata ido. Abin da ke taskarta kawai ta sani. Baƙuwar ƙwaya ta zo, tana iya laƙa mata sunan wadda ta fi kama da ita, kuma ko a jikinta.

Inda hanyar ta burge ni shi ne, ba a zuba sinadari, kuma lezan ba ya kashe gungun. Cikin daƙiƙoƙi an samu amsa, ƙwayoyin na nan da ransu. Duk wanda ya yi kama da Listeria sai in zagaye shi a bayan faranti, in ɗebo shi, in tura a tabbatar ta hanyar gwajin PCR, wanda ke duba ƙwayoyin halittar bakteriyar, kafin in sa hannu a sakamako.