Daren da Muka Hau Sama Neman Kaza da 'Ya'yanta

Wata Alhamis cikin Fabrairu aka ɗauke wuta a unguwarmu, nan Gwammaja, ana tsaka da kallon wani fim mai dogon zango. Yara suka zuba mini ido kamar ni na ɗauke ta. Hajiya, mahaifiyata, tana daga kan tabarma ta ce, "Ku hau saman bene mana, ku gaida Kaza da 'ya'yanta." Autana ya ce, "Hajiya, ai ba mu da kaji." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa kunya ce ta kama ni, don ni ma rabona da ɗaga kai sama da dare, in ba neman jinjirin watan azumi ba, har na manta.

Daren farko ba mu ga abin kirki ba. Wata ya kwana goma sha uku, haskensa ya shanye taurari, ga kuma hazo. Sai da muka bari ya wuce kwana ashirin, lokacin da ba ya fitowa sai dare ya raba, iska kuma ta yi garau. A ranar akwai wuta, ni na kashe talabijin da hannuna, aka yi ta kumbure-kumbure. Wani abin da na gano: ido na buƙatar kamar minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya fara ganin ƙananan taurari, kuma leƙa waya sau ɗaya ya isa ya maido da kai baya. Don haka wayoyi suka shiga aljihuna.

Da ƙyar Hajiya ta hau matakala. Bayan Isha'i ta nuna wani ɗan cincirindo da ya karkata yamma kaɗan. "Ga ta can, mai gidana," in ji ta ga autan, "ƙirga mini 'yan tsakin." Ya ƙirga biyar, yayarsa ta rantse shida ne. Na gaya musu Larabawa na kiran su Surayya, Girkawan dā sun ce 'yan mata bakwai ne 'yan uwa da wani maharbi ke bi, Japanawa kuma suna cewa Subaru, shi ya sa tambarin motar yake da taurari shida. Mu kaza muka gani, don ita ce a tsakar gidanmu. Hasken da ya shigo idonmu a daren ya baro can sama da shekara 400 da suka wuce. Wannan kam Hajiya cewa ta yi, "Allah mai iko," ta wuce wurin.

Ita abin da ya dame ta lissafi ne. Ta ce mahaifinta da taurari yake sanin damina, ta kuma jero su kamar karatun allo: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha. Manzilolin wata ne, wato masaukansa a cikin taurari, guda 28 da malamanmu suka samo daga Larabawa, kowanne kwana 13, Jabha kaɗai ke da 14, jimilla 365. Misirawan dā ma ɓullowar tauraruwar Shi'ira kafin hudowar rana ce ke shaida musu ambaliyar kogin Nilu ta kusa. Na nuna musu ita ta kudu, babu tauraron da ya kai ta haske a daren, na tuna musu an ambace ta a Suratun Najmi.

Sai na tafka kuskure. Akwai taurari uku a jere, yaran suka kaure da gardama a kansu. Yarinyar ta ce masallata ne a sahu, autan ya ce a'a, fasinjoji ne a bayan adaidaita sahu, taurari huɗun da ke kewaye kuma su ne jikin keken. Har ya fara ƙago inda za su: Kasuwar Kurmi, wai su sayo wa Zara matar wata turare. Ni da son burgewa na zaro waya, na buɗe wata manhaja, na ɗaga sama. Nan take ta zana maharbin Girkawa da kulkinsa, taurari ukun su ne ɗamararsa. Zanen tsoho ne: yana cikin siffofin taurari 48 da masani Batlamus ya rubuta a Iskandariyya a ƙarni na 2, Abdurrahman al-Sufi ya zana su a littafinsa wajen shekarar 964, yau kuma masana sun tsaya a kan 88. Yaran suka kalla, suka ce, "Au, ashe haka ne." Gardama ta mutu, adaidaita sahu ta ɓace. Wayar ta yi musu abin da talabijin ke yi kullum: ta kawo hoton a game, ba ta rage musu aikin komai ba. Minti biyu ba a yi ba suka fara roƙon in ba su su yi gem.

Hajiya ta harare ni. "Kai dai ka cika katsalandan. Mayar da abin nan aljihu." Ta juya ga jikanta: "To, mai gida, sun isa Kurmin kuwa?" Ya yi shiru, ya sake ɗaga kai, ya daɗe yana lalube kafin idonsa ya washe. Sannan ya ce mai ne ya ƙare musu a Ƙofar Wambai.