Hanyar Glenwood, Shekara Biyu Bayan Gobara

Da asuba muka bar Denver ta jihar Kolorado a Amurka, ni da kawuna, za mu Grand Junction gaishe da wata 'yar'uwarmu da ta haihu. Ƙarshen watan Mayu ne, kuma ni duk fargabata tana kan dusar ƙanƙara. Kawu ya shekara goma yana tuƙa tirela a kan wannan babbar hanya ta I-70, shi ya sa na sakar masa sitiyari ban yi musu ba.

Ƙanƙarar kuwa ba ta ba mu kunya ba. Muna fitowa daga ramin Eisenhower, wanda aka haƙa cikin dutse a tsayin mita 3,400, sai ga ta tana zuba kamar an tsage buhun gari. A hawan Vail mun wuce direbobi durƙushe a gefen titi suna ɗaura wa tayoyi sarƙa da hannuwan da sanyi ya sandarar. Kawu ya rage gudu, ya daina taɓa birki sai da lallami. Da muka gangara ƙasa dusar ta koma yayyafi, na yi ajiyar zuciya na ce alhamdu lillahi.

"Ɗana, ka ƙara addu'a," in ji shi. "Yanzu muka zo wurin."

Kwazazzabon Glenwood ke nan. Titi na manne da kogin Kolorado, duwatsu sun tsaya hagu da dama, a samansu itatuwa baƙi ƙirin ba ganye. Gobarar Grizzly Creek ce ta cinye sama da eka 32,000 a nan a 2020. Wuta mai zafi irin wannan takan bar wa ƙasa wani maiƙo da ke hana ta shan ruwa, ga saiwoyin da ke riƙe ta sun mutu. Ruwan 'yan mintoci ya isa ya kwaso taɓo da duwatsu da kututture ya juye su kan titi. Haka aka yi ranar 29 ga Yuli 2021: mutum sama da ɗari suka maƙale, wasu a ramin Hanging Lake suka kwana, hanya ta yi mako biyu a rufe.

Na tuna gonar kakana bayan an ƙona daji, yadda ruwan farko ke gudu a kan toka ba ya nutsewa. Amma can fili ne, nan kuwa gangara ce a saman kanka.

An toshe wuraren hutawa saboda gargaɗin ambaliya, babu inda za ka tsaya. A bakin wani rafi na ga sabon kankare da tarin duwatsun da katafila ta ture gefe, ɗaya ya kai girman Keke Napep. Ruwan da ke sauka daga can launin koko ne. Kawu bai ce uffan ba tsawon kilomita ashirin, idonsa ɗaya kan titi, ɗaya kan tsauni.

Sai a garin Glenwood Springs ya saki sitiyari ya ce in miƙo masa fulas ɗin shayi. Hannunsa na rawa lokacin da ya karɓa.