Daminar da muka yi asara saboda ba mu shiga gida ba

Har yanzu idan na wuce kaskon ƙosai a bakin hanya nakan tuna da buhunan irin wake da suka shekara a ɗakin ajiyarmu babu mai nema. Aikin da ya kai mu wani ƙauye a arewacin Kano shi ne zaɓen iri tare da manoma, wato a shuka iri daban-daban a gonarsu, su kula da shi da hannunsu, sannan su faɗi wanda ya fi musu. Mun je da iri shida, muka haɗa da kananado na gida domin kwatance. Mai gari ya ba da gona, malamin gona ya tara mutane, ruwa ma bai yi mana gardama ba.

Ranar zaɓe muka ajiye ƙwarya a gaban kowane iri, kowa ya jefa tsakuwa a wadda ya fi so. Wani iri mai tsayuwa tsaye, wanda yake nuna cikin kwana 70 kuma ƙuduji bai dame shi ba, shi ya kwashe tsakuwoyin. Na rubuta a rahoto cewa al'umma ta zaɓa, muka zuba kuɗin da ya rage wajen ninka irin a noman rani. Da damina ta zagayo, mutane ƙalilan suka zo karɓa, kuma su ma a gefen gona suka shuka shi, kamar masu fita kunyar baƙo.

Dalilin bai fito ba sai da wata abokiyar aikinmu ta shiga cikin gidaje, inda mu maza ba ma shiga. Wata dattijuwa mai sana'ar ƙosai ta jiƙa mata waken a gabanta, ta murza shi a tafin hannu, fatar ta ƙi fita saboda santsinta. Ta ɗebo kananado ta murza, dusar ta taso saman ruwa nan take. Ta ce mata: "'Yata, wanda ya zaɓi wannan waken bai taɓa wanke shi da asuba ba." Ƙullun ma ba ya tashi sosai idan an buga shi, ga shan mai, kuma mai saye a kasuwa, tun daga ta ƙauye har babbar kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, farin wake mai manyan ƙwaya yake fara tambaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar harawa. Irin da aka zaɓa ba ya yaɗo, ganyensa yana zubewa kafin a gama roro, alhali awaki da tumakin da ke ɗaure a tsakar gida, waɗanda yawancinsu na mata ne, da harawa ake riƙe su har ƙarshen rani. Wannan ba sabon ilmi ba ne. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa (IITA), wadda aka kafa a Ibadan a 1967 kuma take da reshe a Kano, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, sun daɗe suna aiki a kan irin da ke ba da ƙwaya da harawa tare, kuma na karanta hakan tun ina ɗalibi. Da na tambayi wani manomi dalilin da ya sa bai faɗa mana ba, sai ya ce: "Malam, ai ku wanda ya fi cika buhu kuka tambaya." Gaskiyarsa. Tun a ofis muka yanke tambayar, muka buga ta a takarda, abin da muka bar wa mutane shi ne jefa tsakuwa, sannan muka kira hakan haɗin gwiwa.

Shawarar da nake ba duk mai shirin irin wannan aiki ita ce kada ya shuka komai sai an zauna an amince da ma'aunin da za a auna irin da shi, kuma masu noma da masu girki da masu kiwo da dillalai su ne za su faɗe shi. Kada kuma ya bar tara mutane a hannun mai gari shi kaɗai, domin zai kira dattawan da suka saba zama a ƙofar fada, ba da mugun nufi ba. A sa mace a cikin tawaga tun ranar farko, a ware kuɗin mai da itace da markaɗe a cikin kasafi, ko da mai duba lissafi zai ɗaure fuska, kamar yadda namu ya yi.

A damina ta uku muka sake gwajin, aka soya ƙosai da kowane iri a gidaje huɗu, aka ɗaure harawar kowanne aka auna. Irin da ya zo na uku a wajen yawan ƙwaya shi ya yi nasara, kuma kafin mu gama rubuta rahoto mata sun fara musayarsa da kwano a tsakaninsu. Tsofaffin buhunan nan kuwa, da ƙwaro ya fara huda su, sai muka sayar da su ga masu dafa wake da shinkafa a farashin da har yau ba na son faɗa.