Wata 26 ina haɗa jirgin ruwa ɗan ƙarami a lungun shagonmu

Ni dai kafinta ne, gado da wadrof da madubi na kayan ɗakin amare su ne sana'ata, na daɗe ƙarƙashin maigidana a nan Kano, kuma teku sau ɗaya tak na taɓa ganinta lokacin da muka kai kaya Legas. Amma yau wata 26 kenan, kusan kullum in mun tashi daga aiki sai in jawo wani ɗan tebur daga lungu in zauna kan wani jirgin ruwa na katako ɗan ƙarami, kwaikwayon jirgin yaƙin Ingila mai suna HMS Victory, irin na da ɗin nan da iska ke turawa babu inji.

A YouTube na fara ganin wani dattijo yana irin wannan aikin, na kalla har data ta ƙare na sake saye, abun ya tsaya min a rai sosai. Sai na shiga neman labarin jirgin. An fara gina shi a garin Catam na Ingila a 1759, aka saka shi ruwa a 1765, bishiya wajen 6,000 ya ci kuma mafi yawa wani icce ne mai ƙarfi na ƙasar Turai da ake kira ok, shi ne jirgin da Nelsan, wani kwamandan sojan ruwan Ingila, ya hau a yaƙin Tarafalga ranar 21 ga Oktoba 1805 da suka gwabza da Faransa da Sifen, a cikinsa ma ya mutu, kuma har yau jirgin yana nan a garin Fotsmot na Ingila a ajiye mutane na zuwa kallo. Abun da ya kama ni shi ne kafintoci ne suka yi shi, da zarto da gatari da hannu, nace to nima bari in taɓa ko da ƙaraminsa ne. Na samo zanen na kai aka buga min a manyan takardu, na zaɓi ma'aunin 1 cikin 72, wato duk abun da ya kai inci 72 a jirgin gaske ni inci ɗaya zan yi shi. Jikin jirgin gaske ya kai mita 69, nawa saura kaɗan ya cika mita ɗaya.

Na ɗauka tunda na iya haɗa gado wannan ba zai ban wahala ba. To gado komai nasa a miƙe yake, ka sa sukwaya ka ja layi ka yanka. Jirgi kuwa babu wuri ɗaya a cikinsa da yake a miƙe in ka cire ƙashin bayansa, wato dogon katakon nan na ƙasa da komai ke hawa kansa. A kan ƙashin bayan ake jera haƙarƙari, a kan haƙarƙarin ake manna siraran falankai, kowanne sai ya lanƙwasa ta fuska biyu lokaci ɗaya, kuma sai an fiƙe shi ya tsuke ta wajen goshin jirgin saboda can babu fili kamar tsakiyar cikin. Da katakon maɗaci na yi falankan, na tsaga su siri-siri kamar tsinken tsire mai faɗi, in jiƙa a ruwan zafi in lanƙwasa a jikin gwangwani mai zafi in ɗaure in barshi ya kwana. Ni da ɗoki sai na rufe gefen dama gaba ɗaya cikin sati biyu don in ga yadda zai fito, da safe na ɗago jirgin na hango shi ta goshi kamar yadda muke hangen katako, wallahi ƙashin bayan ya karkace ya bi dama. Falankan da suka bushe sun ja shi, ɗaya gefen kuma babu abun da zai ja ya rama.

Maigidana ne ya ɗauka ya juya shi a hannu, tun farko shi bai ga amfanin aikin ba amma bai taɓa hana ni ba, yace "Kai yaro, ai ko ƙofa ka yi wa fenti gefe ɗaya sai ta bankare, ka manta ne?" Nace Baba ban manta ba, ban dai zaci ƙaramin abu ma haka yake ba. Yace katako katako ne. Na ɓamɓare duka na sake, falanki ɗaya dama ɗaya hagu, ɗaya dama ɗaya hagu, a rana ban wuce huɗu.

Sai kuma hunturu ya zo ya min nasa. Katakon da na tsaga da damina bai gama shan iska ba, da Disamba ta shigo duk tsakanin falankan ya buɗe har kana iya zura reza. Wannan kam ban ɓamɓare ba, na cike da garin katako da gam, amma tun daga nan duk katakon da zan taɓa sai ya yi hunturu ɗaya a saman rufin shago tukunna.

Inda na fi shan karatu shi ne wajen ƙusa, kuma saboda shi ne ma na zauna rubuta wannan. Da farko da fil nake riƙe falankan, irin fil ɗin teloli na ƙarfe, in gam ya kama sai in datse kan in bar sauran a ciki in bi da sanfefa. Ya yi kyau abunsa. Na fara manna fallayen jan ƙarfe a ƙasan jirgin kamar yadda na gaske yake, na yi layi shida, damina ta sauka, shagonmu kuma yana da laima ga gumin hannuna kullum a jikin abun. Bayan wasu makonni sai naga ɗigo-ɗigon tsatsa a kan katakon, baƙi-baƙi ja-ja, wasu fallayen kuma sun fara ɗagowa daidai inda fil yake a ƙasa. Ranar ban iya cin abincin dare ba, don na san fil ɗin nan sun fi ƙarfin ƙirga kuma duk suna ciki.

Da na koma karatu sai na tarar ashe sojan ruwan Ingila da kansu sun faɗa wannan ramin. Dalilin sa jan ƙarfe tun asali shi ne akwai wata tsutsa a ruwan gishiri, musamman inda ruwan ke da ɗumi, tana huda katako kamar yadda gara ke cin azara, daga waje ka ga lafiya lau ciki kuwa duk rami, ga kuma ciyayi da ƙananan halittu masu ɓawo da ke mannewa a ƙasan jirgi su rage masa gudu. Jan ƙarfe yana hana su duka biyun. A 1761 aka gwada a kan wani jirgi mai suna HMS Alarm, aka lulluɓe ƙasansa, ya tafi yankin Karibiyan ya dawo, da aka duba sai aka ga tsutsa bata taɓa shi ba amma ƙusoshin baƙin ƙarfe da aka kafa fallayen da su sun cinye. In jan ƙarfe da baƙin ƙarfe suka haɗu ga ruwan gishiri a tsakani to kamar batir suke zama, kuma baƙin ƙarfen ne ke narkewa. Wani abun da ya burge ni, ƙusoshin da suka tsira su ne waɗanda takardar da aka naɗo fallayen da ita ta maƙale tsakaninsu da jan ƙarfen, wato takarda kawai ta raba faɗan. Duk da haka sai da aka lulluɓe jirage da yawa, shi kansa Victory an sa masa falle 3,923 a 1780, kafin a cikin shekarun 1780 ɗin su koma yin manyan ƙusoshin jikin jirgi da jan ƙarfe su ma. Da na karanta wannan sai naji kamar da ni ake magana, mutanen nan sun sha wannan wahalar shekara sama da 200 da suka wuce sun rubuta sun ajiye, ni kuma ban nema ba sai da tsatsa ta fito min.

Sati bakwai na yi ina zaro fil da hantsaki ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙi fita in huda gefensa da allura in tono shi.

To daga ina zan samu ƙusar jan ƙarfe mai sirin gashi? Ba a sayarwa a kasuwarmu. Wani maƙwabcinmu mai riwayin ɗin fanka ne ya bani ƙonannen koyil, wayar ciki jan ƙarfe ce zalla, na kankare fentin da ke jikinta na dinga yankawa guntu-guntu. Amma in na doka sai ta lanƙwashe, wata kuma ta karye. Na ɗauki wayar na tafi Kasuwar Kurmi wajen masu aikin tagulla, na samu wani tsoho na gaishe shi na durƙusa na nuna masa, nace Baba ga abun da ke damuna. Ya murza wayar a yatsa yace "Ɗana, jan ƙarfe in ka sa shi a wuta ya yi ja ka barshi ya huce laushi yake, in ka yi ta dukansa ko ka ja shi sai ya taurare, in ka wuce gona da iri ya karye. Kai wanne kake so?" Nace ina son tauri a ƙusa, laushi a falle. Yace to ka riƙe bakin wayar da filaya ka ɗaure ɗaya bakin ka ja ta har ka ji ta ɗan miƙe, fallen kuma ka nuna masa wuta kaɗan. Ko sisi bai karɓa ba, Allah ya saka masa da alheri. Abun da ya faɗa min cikin minti biyar ya fi min bidiyo ashirin, kuma tunda nake wucewa ta layinsu ban taɓa tunanin akwai abun da zan tambaye su ba, wannan ya dame ni gaskiya, muna da masana a kusa muna tsallake su.

Ƙusar ma ba dukanta ake ba ashe. Sai ka fara huda rami da allurar da ka fiƙe, ka tsoma bakin wayar a gam, ka zura, ka datse, ka bi da magagari a hankali har ta yi daidai da fuskar katako. In haske ya bugi gefen jirgin sai ka ga ɗigo-ɗigon ja suna ƙyalli a jere, wallahi akwai daɗin kallo. Amma nan ma sai da na koyi kame hannu. Waya mai kaurin rabin milimita in ka ninka sau 72 ta zama milimita 36 a jirgin gaske, wannan kaurin babbar ƙusa ce ta riƙe manyan katakai, ba ta riƙe falle ba. Da na zuba su ko'ina da jirgin ya zama kamar mai ƙyanda. Kuma su kansu magina na gaske da turakun katako suke kafa yawancin falankai. Don haka na bar ƙusar waya a wuraren da manyan ƙusoshi suke, a fallayen kuma sai in kifa kowanne in danna masa ɗigo ta baya da allura mai dakusasshen baki, ta gaba ya fito kamar kan ƙusa.

Fallayen gaske ƙafa 4 ne a tsawo inci 14 a faɗi, nawa ya kama kamar milimita 17 da 5, ƙanƙane ne sosai in ka yi atishawa sai ka neme su a ƙasa. Wani abokina da ke Legas ne ya samo min jan ƙarfen mai siri kamar takarda. Daga baya ake farawa a taho gaba, na gaba ya hau kan na baya don ruwa ya bi ta kai ya wuce, kamar dai yadda muke jera kwanon rufi daga ƙasa zuwa sama. Kuma kar ka taɓa da hannu tsirara, shatin yatsa yana fitowa bayan kwana biyu ya zauna daram, mahaifiyata ce tace in goga lemun tsami da gishiri kamar yadda suke wa tasa, ya fita kuwa, sai dai dole ka wanke ka tsane shi tas in ba haka ba ya yi kore.

Ni a zatona fallayen nan za su rufa min asiri, duk wani ɗan tudu da kwari da na bari a jikin falankan nace ai jan ƙarfe zai hau kai babu mai gani. Ashe shi abu mai ƙyalli tona asiri yake. Wurin da na cike da garin katako lokacin hunturun nan ban goge shi sosai ba, da fallen ya hau sai haske ya karye a wurin, daga bakin ƙofar shago kana hango shi. Katakon tsirara ma bai nuna haka ba. Na cire layi tara na koma kan sanfefa, na rufe ido ina shafawa da yatsa don yatsa ya fi ido gane tudu, kwana huɗu ina abu ɗaya. Kuma abun ya bi ni har kan aikin kuɗi, yanzu in ina wadrof bana iya barin bayanta da kaushi ko in cusa fotin a rami in ce fenti zai rufe, hannuna ne ma ke ƙi. Maigida ya lura, wata rana naji yana ce wa ƙananan yaran shago su je su shafa bayan wadrof ɗin da na gama, bai ce min komai ba ni dai, amma ya daina kashe fitilar lungun in zai tafi gida.

Masu shigowa shago wasu su ce wasan yara nake, wasu su tambayi nawa zan sayar, ni kuma ban ma san me zan ce ba don ban taɓa lissafa shi da kuɗi ba. Yanzu dai ƙasan ya rufu duka gefe biyun, jan ƙarfen ya fara sauya launi yana komawa kamar tsohon kwabo kuma haka nake son shi ba zan goge ba. Bindigogi 104 ne a jirgin, na fere 31 da itacen ƙirya. Ga dogayen sanduna uku da ke ɗaukar ƙyallen iska ko fara su ban yi ba, ga igiyoyi, na jirgin gaske an ce sun kai mil 26 in aka miƙe su, ni da zaren teloli zan yi nawa in bi shi da kakin zuma don kar ya yi gashi. Jiya na sayo zaren, baƙi da ruwan ƙasa, katakon sandunan kuma yana saman rufi tun bara yana jiran hunturun bana ya wuce.