Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tsarabar Yaya daga Jamus

Makon jiya na tsaya a inda Umma ta haƙura ta bar ni na ajiye ƙaramar mesar nan a shagon ƙofar gidanmu na Tudun Wada, bisa sharaɗin ba za ta taɓa ganinta ba, kuma igiyar ƙasa ba za ta shiga cikin gida ba ko da wasa. To a wannan shekarar ne Yayana, wanda ke harkar tsofaffin motoci tsakanin Jamus da Kwatano, ya zo hutun Babbar Sallah.

Yaya ba ya son maciji ko kaɗan. Amma saboda ni ya je garin Hamm na Jamus, inda ake yin wata babbar kasuwar baje kolin macizai, ƙadangaru da kunkuru mai suna Terraristika, wadda ke ci fiye da sau ɗaya a shekara. Da ya miƙo mini wayarsa da wata leda mai nauyi, cewa ya yi, "Ungo, ƙanena. Na ga masu irin cutarka, kuma wallahi sun cika zaure guda."

Mu masu wannan sha'awa a Kaduna 'yan tsiraru ne. Akwai wani malamin firamare daga Kawo mai kiwon kunkuru, da wani ɗalibin likitan dabbobi da ke karatu a ABU Zariya, sai kuma Baba, tsohon gardi daga Rigasa wanda ya yi shekaru yana wasa da maciji a kasuwanni kafin gwiwa ta zaunar da shi. Na aika musu, muka haɗu da la'asar a Gamji, bakin kogi, Yaya yana ba da labari muna bin hotuna.

Abin da muka gani ya girgiza ni. Tebura ne jere, kowanne shaƙe da ƙananan robobi masu murfi, kowace roba da macijinta da takardar sunansa da farashinsa. Masu dafi an ware musu ɗaki daban. Iyaye da 'ya'yansu suna layi tun da safe. Kuma macijin da ya fi yawa a wurin shi ne irin wanda ke kwance a shagona: ƙaramar mesar da ke dunƙulewa ta ɓoye kanta idan ta tsorata, wadda da wuya ta kai mita 2. Asalinta dajin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne. Daga Togo, Benin da Gana ake fitar da dubbanta duk shekara, ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, da ta fara aiki a 1975. Turawan sun yi ta haɗa su aure bisa launi har suka samar da farare tas, da masu ruwan ɗorawa, da masu dabbare-dabbare.

Baba ya daɗe yana kallon wata fara, ya matso da wayar kusa da idonsa. Sai ya ce, "Wannan ba ta san daji ba, yaro. Ka sake ta a gonar Birnin Gwari, shaho zai ɗauke ta kafin azahar." Gaskiya ya faɗa. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai daban ne: halittar da ba ta da dafi, mai rage mana ɓeraye a rumbu, wasu na tsallaka ƙasashe don su saye ta, mu kuma da an hango ta sai sanda da fartanya.

A cikin ledar akwai mujallun kiwo da Jamusanci, waɗanda hotunansu kawai na amfana da su, sai wani tsohon littafi na Turanci da bangonsa ya koɗe, West African Snakes, na George Cansdale, wanda ya fito a 1961. Mutumin ya yi aikin gandun daji a Gana kafin ya koma gidan zoo na Landan. Daga baya ɗalibin nan ya taimaka mini da mujallun, na gane rabinsu maganar ɗumama keji ce da lantarki, matsalar da ba tamu ba. Tamu matsalar hunturu ce. Iska ta bushe, mesa ta zo yin saɓa fatar ta maƙale mata, musamman a ido da ƙarshen wutsiya. Maganin da na samu shi ne ɗan akwati mai jiƙaƙƙen tsumma a kusurwar keji, da kwanon ruwa wanda za ta iya shiga ciki.

Littafin Cansdale kuwa a ranar ya tayar da gardama. Muna buɗe shafin kububuwa Baba ya gane ta nan take, ya kwatanta yadda take goga jikinta da jikinta ta fitar da ƙara kafin ta kai sara. Ya san inda take kwana, ya san lokacin noma da girbi ne ta fi sarar mutane. Babu abin da littafi zai koya masa a nan. Amma da ya ce yana da saiwar da ke kashe dafinta, ɗalibin ya gyara zama.

"Baba, Allah ya ƙara girma, dafin kububuwa jini yake hanawa daskarewa. Mutum yana tafiya da ƙafarsa, dasashinsa na zubar da jini, ciki ma yana zuba. A asibiti ana ɗibar jininsa a kwalba mai tsabta a ajiye minti 20. In bai daskare ba, allurar kashe dafi ce kawai mafita."

Ya ƙara da cewa a Zariya Dakta David Warrell ya yi bincike a kan saran wannan maciji a shekarun 1970, kuma a Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibitin da aka sani da wannan aiki, inda ake amfani da allurar kashe dafi mai suna EchiTAb. Sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, mu ma mun binne mutane." Bai ƙara ba, mu ma ba mu matsa ba. Ina girmama tsohon nan har gobe, a hannunsa na koyi yadda ake riƙe mesa ba tare da an firgita ta ba. Amma a maganar sara ina tare da asibiti: kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya, a hana ƙafar motsi a garzaya da mutum. Tun daga ranar kuma na yanke cewa mai dafi ba zai kwana a shagona ba, komai kyansa, domin unguwarmu cike take da yara.

Kafin mu tashi Baba ya nemi aron littafin, wai jikansa zai riƙa karanta masa. Na ba shi na sati biyu. Yaya ya sauke ni a gida bayan magariba, na tarar da wani yaro yana jirana a ƙofa da saƙon mai unguwa: maƙwabta sun kai ƙara, ana nemana gobe da hantsi, ni da Yaya. Yadda zaman ya kasance, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.