Dayis ɗin ludo a cikin Atari 2600

Wallahi dare uku na yi ina fama da wani ɗan wasan dayis da nake rubuta wa Atari 2600, na'urar gem ɗin nan ta Amurka da ta fito a 1977, ina gwadawa a kwamfutata da manhajar Stella, wadda ke kwaikwayon na'urar. Ƙwaƙwalwar aikinta gaba ɗaya bayit 128 ce fa (bayit ɗan ƙaramin ma'auni ne na ajiyar bayanai a kwamfuta), kuma babu wani abu a cikinta da zai ba ka lamba haka kawai ta sa'a, kai za ka ƙirƙiro ta da lissafi.

Na farko da na haɗa, duk sanda na kunna sai ya ba ni 3, 5, 1, kullum haka. Ƙanina da ke zaune gefena yana cin gyaɗa ya ce, Yaya ai na haddace, siki ne na huɗu. Kuma sikin ne ya fito. Sai na sa wata lamba tana ƙirge sau 60 a sakan ɗaya tun daga kunnawa, inda mutum ya danna jan maɓallin da ke jikin sandar wasan daga nan lissafin zai tashi, wato yatsan ɗan wasa shi ne sa'ar.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bayit ɗaya lamba daga 0 zuwa 255 yake ɗauka, wato lambobi 256 ke nan, shida kuwa ba ta raba 256 daidai, huɗu ke saura, don haka fuska huɗu sun ɗan fi sauran biyun fitowa. Ba mai lura, amma ni raina bai kwanta ba sai da na sa ya watsar da 252 zuwa 255 ya sake jefawa. Jiya muka buga da ƙanin nawa har sha ɗaya na dare, ya ci ni sau biyu.