Godiya ga duk wanda ya zauna da ni cikin watanni takwas ɗin nan

Assalamu alaikum. Jiya na taka daga ɗaki zuwa ƙofar gida ba tare da sanda ba, karo na farko tun ranar hatsarin. Alhamdu lillahi. Ba zan iya bin kowa gida in gode masa ba, shi ya sa na rubuto nan.

Na gode wa waɗanda suka ciro ni daga mota, har yau ban san fuskokinsu ba. Na gode wa ma'aikatan jinya, da abokan da suka ba da jini, da ƙannena da suka riƙa kwana a kan benci.

Ƙashi ya ɗore cikin wata uku, amma zuciya ta daɗe. Ni a da, a wurina farin ciki shi ne kada komai ya same ka: lafiya lau, aiki na tafiya. Da ƙafa ta karye, aiki kuma ya kuɓuce, sai na ga kamar rabona ya ƙare. Ranar da aka sallame ni gida ya cika, kowa na murna, ni kuwa ina zaune ina tuhumar kaina: me ya sa ba na jin daɗi? Ko butulci ne?

Likitar da ke duba lafiyar ƙwaƙwalwata ce ta warware mini wannan. Ta nuna mini ma'aunin da Thomas Holmes da Richard Rahe suka fitar a 1967, mai jera abubuwa 43 da ke girgiza rayuwa. Mutuwar miji ko mata maki 100 ne, rauni ko ciwo 53, kora daga aiki 47. Ta ce, "Biyu ka ɗauka lokaci guda, kuma kana so ka yi dariya?" Ta kuma ba ni labarin binciken Iris Mauss da abokan aikinta a Amurka a 2011, wanda ya nuna cewa masu matsa wa kansu lallai sai sun yi farin ciki sukan ƙare da takaici daidai lokacin da ake sa ran za su ji daɗi. Kamar ni aka auna. Likita, Allah Ya saka miki da alheri.

Sai Yaya. Mutane da yawa sun ce mini "daina damuwa," kuma na san da kyakkyawar niyya suka faɗa. Shi bai taɓa faɗa ba. Wani dare ya tarar ina kuka, ya ja kujera ya riƙe hannuna, ya tuna mini cewa Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Daren nan na yi barci har asuba.

Uwargida, ke kika wanke ciwon nan safe da yamma, kika jure fushina da shiruna. Ki yafe mini. Ranar da kika ƙirga mini taku goma sha biyu a tsakar gida kina tafi, ƙafar na zogi, amma raina fari tas. Allah Ya biya ki, Ya biya ku duka, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.